Kunnen Mai Aski

Kafin kilifa ta taɓa kaina, sai mai askina ya kunna ta, ya kara ta a kunne kamar mai laluben tasha a rediyo. In ƙarar ba ta yi masa ba, sai ya ɗauko wata tsohuwar kwandala da yake ajiyewa a gindin madubi, ya murɗa notin da ke gefen kilifar har ta fara kaf-kaf-kaf kamar za ta tarwatse, sannan ya dawo da shi baya kaɗan-kaɗan har ta koma gunji mai laushi. Shekara da shekaru ina ɗauka yanga ce kawai irin ta masu sana'a.

Ashe da dalili. Irin wannan kilifa mai waya, wadda wani Ba'amurke Leo Wahl ya yi wa rajista a 1921, ba ta da wani inji mai juyawa a ciki. Maganaɗisu ne ke fizgar ƙarfe yana saki, gwargwadon bugun wutar da ta shigo. To wutar NEPA daban, ta ƙaramin janareta daban, ita ma ta janaretan ƙarfinta hawa da sauka yake yi, musamman in maƙwabci mai cajin waya ya jona nasa. In ƙarfi ya yi ƙasa, haƙoran kilifa ba sa yanka, tsige gashi suke yi, kuma duk wanda aka taɓa tsige wa gashin ƙeya ya san yadda ƙwalla ke zuwa ba shiri. Da kunne mai aski ke gane wannan tun kafin kan mutum ya gane.

Bayan kunne sai yatsu. Gwani ba ya dira wa kai haka nan. Zai shafa shi tukuna, ya ji inda ƙashi ya yi tudu, inda ƙeya ta yi ninki, inda tsohon tabo ya ɓuya, da inda gashi ya yi juyi a tsakar ka. Gashinmu a murɗe yake fitowa, kowane yanki da inda ya kwanta. In aka bi kwanciyarsa, a rage kaɗan. In aka tare shi ta gaba, a kwashe da yawa. Matajan roba da ake maƙala wa bakin kilifa suna da lamba, ta ɗaya tana barin gashi kamar milimita 3, ta biyu 6, amma abin da ke tsakanin lamba da lamba ba a sayar da shi a kasuwa. Yana cikin wuyan hannu, da ɗan marikin nan na gefe da babban yatsa ke turawa yana dawowa, har duhun sama ya narke cikin hasken ƙasa ba tare da an ga inda suka haɗu ba.

Wannan narkarwa tana kashe rigima ma. A jajiberen Sallah na ga wani uba ya kawo ɗansa mai kamar shekara tara. Yaro ya nuna hoton ɗan ƙwallo a jikin bango, an aske gefe tas an bar tuluwar suma a sama. Uban ya ce atafau, ai Manzon Allah ya hana a aske wani sashe na kai a bar wani, saisaye za a yi. Mai aski bai ce uffan ba sai "To, Alhaji." Ya rage gefen, ya bar saman da ɗan tsawo, ya haɗe su ta yadda ba wanda zai ce ga iyaka. Uba ya duba ya ga saisaye, ɗa ya leƙa madubi ya ga ɗan ƙwallo.

Hausawa sun ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. Ga mai aski ma nan ne wurin tsoro. A nan yake daina hira, ya ɗaga haɓar mutum da yatsa biyu, ya ja da baya ya ƙanƙance ido. Goshi ba ya zuwa daidai, kusan kowa gefe ɗaya ya fi ɗaya shiga. Ɗan koyo zai yi ta ci yana neman daidaito har ya mayar da saurayi mai sanƙon dole, kuma gashi ba ya wuce kamar santimita ɗaya a wata, don haka kuskuren daƙiƙa guda sai a yi makonni ana rufe shi da hula. Gwani kuwa ƙyas biyu yake yi ya tsaya.

Ni a ganina mai askin yanzu jikan wanzami ne, ko da bai gaji gidan Sarkin Aska ba. Na da yana yawo da zabira, ya jiƙa kai da ruwa da sabulu, ya wasa aska, ya yi ƙwal-kwabo a gindin bishiya, ga ƙaho, ga kaciya, ga cire beli, ga askin jariri ranar suna. Na yanzu ya bar masa duk wannan ya riƙe gashi kaɗai. Amma amanar ɗaya ce: ka miƙa wuya ga mai riƙe da kaifi, ka lumshe ido. Shi ya sa nake lura da wanda ke ɓare sabuwar reza a gabanka, ya goge haƙoran kilifa da buroshi, ya wanke su da sifirit. Ba makero kaɗai ake gudu ba. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya yin mako guda a raye a jikin ƙarfe.

Shi kansa mai askin nawa, sumarsa kullum a cukurkuɗe take ƙarƙashin hula. Na taɓa yi masa tsiya cewa wanzami ba ya son jarfa. Ya yi dariya, ya kakkaɓe mini wuya da hoda, ya riƙo ƙaramin madubi ta baya don in ga ƙeyata, sannan ya leƙa benci ya ce, "Baba, bismillah, layinka ne."