Gwanintar ajiye alama a littafin Bunnicula

Rubuta wa yara labarin bincike ya fi wuya fiye da yadda ake zato. In marubuci ya ɓoye alamomi da yawa, yaro ya gaji ya ajiye littafin. In ya baje su a fili, ba abin da ya rage a bincika. Deborah Howe da mijinta James Howe, mutanen Amurka, sun iya wannan awo, kuma littafinsu Bunnicula, wanda ya fito a 1979, ya isa shaida. Deborah ba ta ga fitowarsa ba, ciwon daji ya yi ajalinta a 1978.

A cikin labarin, iyalin Monroe sun je silima kallon fim ɗin Dracula, sai ƙaramin ɗansu Toby ya tsinci ɗan zomo a kan kujera, suka taho da shi gida. A gidan kuwa akwai kare mai suna Harold, wanda daga bakinsa muke jin labarin, da muzuru Chester, wanda ya sha karatun littattafan ban tsoro har ya ƙoshi. Tun daren farko Chester ya sa wa baƙon ido. Baƙin gashin da ke bayansa ya yi kama da alkyabba, haƙoransa biyu sun yi tsini kamar fiƙa, yini yake yi yana barci, sai dare ya farka. Ana cikin haka aka wayi gari da wani tumatir a kicin ya koma fari fat, ba ɗigon ruwa a cikinsa, ga wasu ƙananan huda biyu a fatarsa. Mutanen gida suka ɗauka wata cutar kayan lambu ce. Chester kuwa ya riga ya yanke hukunci: zomon nan masha-jini ne, yau tumatir, gobe mutane.

A nan gwanintar take. Duk alamar da marubutan suka ajiye tana da fuska biyu, kuma sun miƙa ta ga mai karatu a daidai lokacin da dabbobin suka gan ta, ba a riƙe masa komai ba. Yaro ɗan shekara takwas yana iya cewa ai zomo dama da dare ya fi walwala, launin gashi kuma halitta ce. Sai ya tuna da farin tumatir, ya rasa ta cewa. Yana lilo tsakanin yarda da musu, kuma wannan lilon shi ne aikin bincike, ba tare da an ce masa ga darasi ba.

Zaɓen mai ba da labarin ma dabara ce babba. Da Chester aka ba wa bakin, da mun bi shi a makance, domin ya iya jera hujja, ga ilimi ga zalaƙa. Sai aka ba Harold, kare mai sanyin hali da ya fi damuwa da kek ɗin cakulan da Toby ke san masa da dare. Harold ba ya gane abu da sauri, saboda haka yaro yakan riga shi hango inda aka dosa, ya ji daɗin cewa ya fi mai labarin wayo. Ba ƙaramin marubuci ke iya sakar wa yaro wannan nasara ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne inda zargi ya kai Chester. Ya baza tafarnuwa a gida, ya rataya wata a wuya, har uwar gida ta kama shi ta yi masa wanka. Da wannan bai yi ba, sai ya koma tsare wa zomon hanyar kicin kowane dare. Zomo ya rame, ya yi laushi. Harold, wanda bai taɓa iya kayar da hujjar abokinsa ba, ya dubi halin da baƙon ke ciki ya ce a'a, ya ɗauke shi ya kai shi gaban kwanon salak a teburin cin abinci. Duk wanda ya san yadda ake yi wa tsohuwa ko bare tambarin maita a unguwa, saboda jan ido ko yawan shiru, zai gane abin da ake nuna wa yaro a nan: mai zargi yana iya zama mai ilimi, mai kyakkyawar niyya ma, ya kuma yi zalunci. Marubutan ba su tsaya sun yi wa'azi ba ko da layi ɗaya, ramar zomon ce ta yi magana.

Daga ƙarshe likitan dabbobi ya ce yunwa ce ke damun zomon, ya ɗora shi a kan ruwan karas. Chester kuma aka ce kishin sabon ɗan gida ne ya kama shi, aka haɗa shi da likitan halayyar kyanwoyi. To amma tun da zomon ya fara shan ruwan karas, ba a ƙara ganin farin tumatir a gidan ba. Wato alama ta ƙarshe ta goyi bayan Chester ne, kuma marubutan suka bar ta haka, yaro ya yanke hukunci da kansa.