Doguwar Hanya da Gajeriya a Rubuta Manhaja: Darasi Daga Hatimi

Matashin Tambuwal ko Kebbe da ya fara koyon rubuta manhaja da yaren Python ba ya daɗewa sai ya tarar masu sana'ar sun rabu biyu. Wasu suna shimfiɗa wa kwamfuta umarni dalla-dalla, yadda ɗan koyo zai bi sawu. Wasu kuwa dabara suke nema wadda za ta gama aiki a layi biyar. Hatimi, wanda malaman zaure suka sani sarai, ya isa a auna ɓangarorin biyu da shi.

Hatimi mai gida tara yana ɗaukar lambobi 1 zuwa 9, kowane layi ya ba da 15, a tsaye, a kwance ko a karkace. Ɗan koyo zai sa kwamfuta ta gwada kowane jeri har ta dace. Jerin 362,880 ne, takwas kaɗai ke cika sharaɗi, kuma nan da nan take gamawa. Hanyar a fili take, kuskure ba ya ɓuya a cikinta. Amma idan gidajen suka kai 25, yawan jerin lamba ce mai alƙaluma 26, abin da kwamfuta za ta tsufa ba ta ƙare ba.

A nan gajeriyar hanya take nuna darajarta. Malam Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a 1732 kan ƙa'idojin cika hatimin da yawan gidajen gefensa mara ne. Wata sananniyar ƙa'ida a wannan fanni ita ce: a sa 1 a tsakiyar layin sama, a riƙa hawa a karkace ta dama, in an fita waje a shigo ta ɗaya gefen, in an iske gida a cike a sauko ƙasa da taki ɗaya. Da taki 25 an cika gida 25.

Sai dai ƙa'idar tana da iyaka. A hatimi mai gida 16 ba ta aiki, kuma wanda ya kwafo ta daga intanet ba tare da fahimta ba, ba zai san dalili ba. Haka ma masanin kwamfuta Donald Knuth ya yi kashedi tun 1974 kan garajen gyara manhaja don ta yi sauri kafin buƙata ta taso.

Makarantun ilimi na Tambuwal, garin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna, sun daɗe da warware wannan gardama. Ba a miƙa wa almajiri Muhtasar, mai dunƙulallen zance, sai ya sauke Ahalari, Iziyya da Risala. Masu koyar da manhaja su bi wannan tsari: ɗalibi ya fara rubuta doguwar hanya, ya tabbatar tana ba da amsa daidai, ya ƙara mata nauyi har ta gaza a gabansa, sannan a buɗe masa gajeriya. Wanda bai iya bayyana dabara da bakinsa ba, bai kai matsayin amfani da ita ba.