Jarumin da Ba Shi da Fadar Kai Ƙara

Ɗalibin lise a Matamaye da malami ya ɗora wa karatun Le Cid, wasan da Korney ya fitar a Faransa a 1637, ba ya buƙatar dogon bayani kan abin da ya tunzura Rodrig, jarumin wasan. An mari tsohonsa, tsohon kuwa ƙarfi ya ƙare, hannunsa ba ya iya riƙe takobi. Duk ɗan da ya tashi tsakanin Kance da Daura ya san nauyin wannan mari. Wadda ta fi cancantar a tsaya a kanta ita ce Shimen, budurwar Rodrig, kuma ɗiyar wanda ya yi marin, mutumin da Rodrig ya kashe. Ba ta zari wuƙa ba. Fada ta nufa, ta faɗi gaban sarki tana neman a bi mata jinin mahaifinta.

Masu nazari sun saba leƙa zuciyar jarumi su tambaya ko ramuwa ce ke tafiyar da shi ko neman adalci. A ganina ba a nan gizo ke saƙa ba. Zuciyar wanda aka kashe wa uba ba ta tantance waɗannan biyun. Abin da ke bambanta wasannin shi ne ko akwai inda za a kai ƙara a saurara. A Le Cid sarki yana nan, hannunsa ba jini, maganarsa tana da kaifi, shi ya sa wasan ya ƙare da jinkirta aure na shekara guda maimakon jerin gawawwaki.

Hamlet na Shekisfiya, wanda aka rubuta wajajen 1600, bai samu wannan gata ba. Wanda ya kashe masa uba ɗan'uwan uban ne, ya auri uwar, ya haye gadon sarautar Denmak. Gun wa zai kai kuka? Shaidarsa ɗaya ce, fatalwa, ba kuwa alƙalin da zai karɓi shaidar fatalwa. An sha zargin Hamlet da nawa da yawan tunani, amma a duba kayan da aka jibga masa: shi ne mai ƙara, shi ne mai bincike, shi ne alƙali, shi ne hauni. Har wasan kwaikwayo ya shirya a fada don ya ga ko fuskar sarki za ta tona asiri, aikin da ya kamata zaman shari'a ya yi. Ranar da ya gaji da bincike ya kai sara, dattijon da ke bayan labule ya samu, ba sarki ba. Daga nan ɗan dattijon ya tashi neman tasa fansar, kuma ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi. Aka ƙare sarauta ta faɗa hannun baƙo daga Nowe.

Girkawa sun riga Shekisfiya gano bakin zaren. A wasanni uku na Eskilas da aka nuna a Atina shekara 458 kafin haihuwar Annabi Isa, uba ya yanka ɗiyarsa, matar ta kashe mijin, ɗan ya kashe uwar. Jinin bai tsaya ba sai da aka kafa kotu aka kaɗa ƙuri'a.

Mai karatu Bahaushe yana da kalmomin da suka fayyace wannan tun a makarantar zaure. Ramuwa daban, ƙisasi daban. Waliyyin jini yana da hakki, yana iya neman ƙisasi, ana iya daidaitawa kan diyya, yana iya yafewa, amma zartar da hukunci na shugaba ne. Shimen ƙisasi ta nema. Hamlet ma shi yake so, sai dai shugaban da zai zartar shi ne mai laifin.

Ina jin wannan na cikin dalilan da suka sa dandalinmu bai cika haifar da irin wannan jarumi ba. Wasannin Hausa da suka bunƙasa a Damagaram, na rediyo da na samariya, musamman bayan da gwamnatin Seyni Kunce ta soma bikin matasa na ƙasa a 1976, yawancinsu raha ce mai ɗauke da gargaɗi, irin wadda Yazi Dogo ya yi suna da ita. Rigima ta taso, a yi ta dariya, a ƙarshe a gurfana gaban mai gari ko alƙali. A Nijeriya ma Uwar Gulma ta Mohammed Sada gaban alƙali ta kai. Akwai tarbiyya a ciki, akwai kuma taka-tsantsan: wasan da hukuma ke ɗaukar nauyinsa da wuya ya nuna ranar da mai yanke hukunci ne ɓarawon.

Ba wai tarihin ƙasar ya rasa abin da za a gina irin wannan wasa a kai ba. Andre Salifu, haifaffen Damagaram, ya nuna haka da wasansa kan Sarki Tanimu a 1973. Wanda ya taso daga Matamaye zuwa birnin Damagaram ta Takeita, ta Tirmini zai wuce, inda wani irin wannan labari ya faru. A 1898 aka kashe Kyaftin Kazamaju Bafaranshe a Damagaram, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, bisa zargin yana neman haɗa kai da mayaƙi Rabe. Shekara ta zagayo Faransawa suka dawo, aka gwabza a Tirmini a 1899, suka bi sarkin suka kashe shi. Su hukunci suka kira abin, alhali su ne masu ƙara, su ne alƙalai, su ne hauni. Sarkin ma da ya ba da umarnin farko bai kai Kazamaju gaban kowa ba. Barikin da suka gina a kan dutse, wanda ke kallon unguwar Birni, sunan Kazamaju suka sa masa.