George Stubbs, Mai Zanen Dawaki da Karnuka

A cikin masu zane na ƙasar Ingila babu wanda ya san doki kamar George Stubbs. An haife shi a Liverpool cikin 1724, ya rasu a Landan cikin 1806. Ubansa majemi ne, saboda haka tun yana yaro ya saba da fata da warin jima. Bai daɗe a hannun wani malamin zane ba, yawancin abin da ya iya shi ya koya wa kansa.

Cikin 1756 ya kama hayar wani gidan gona a ƙauyen Horkstow, ya yi wata 18 yana feɗe dawaki. Yakan rataye gawar doki da ƙugiyoyi, ta tsaya kamar mai rai, ya cire fata ya zana tsoka, ya cire tsoka ya zana jijiya, har ya kai ga ƙashi. Da ya rasa wanda zai sassaƙa masa zanen a faranti don bugawa, sai ya yi da hannunsa. Littafin, mai suna The Anatomy of the Horse, watau bayanin ƙirar jikin doki, ya fito cikin 1766.

Amfanin wannan wahala yana nan a hotonsa da ya fi suna, na wani ingarma da ake kira Whistlejacket, wanda ya zana wajen 1762. Tsayin hoton ya kusa mita 3, yau kuwa yana gidan hotuna na National Gallery a Landan. Dokin ja ne, gezarsa da wutsiyarsa sun yi fari-fari, ya ɗaga ƙafafun gaba yana tabariya. Babu mahayi, babu sirdi, babu linzami, ko ƙasar da ya taka ba a zana ba.

Wanda ya saba ganin hawan salla a Kano ko Katsina zai yi mamakin wannan. A can doki yana fitowa ne cikin ado, wani ma an rufe shi da lifidi, darajarsa kuwa ta mai shi ce. Haka Turawan wancan zamani suka saba, in an zana doki yana tabariya, to, akwai sarki ko sarkin yaƙi a kansa. Stubbs ya tuɓe wannan duka, ya bar dabba ita kaɗai, ga jijiyoyi sun tashi, ga ido ya juyo yana kallon mutum a tsorace. Abin da hoton ke nunawa shi ne, doki ya isa a dube shi don kansa.

Wani hoton da ya fi wannan ban tausayi shi ne na Hambletonian, dokin da ya ci sukuwa da ƙyar a Newmarket cikin 1799, bayan ya sha bulala da ƙaimi. Stubbs bai zana shi yana cin tsere ba. Ya nuna shi bayan an gama, a jigace, yana kwantar da kunne, yaron barga yana goge masa gumi. Mai dokin ya ƙi biyan kuɗin aikin, sai da aka je gaban alƙali, Stubbs ya yi nasara.

Haka ya yi da karnuka. In an gwada shi da Edwin Landseer, wanda aka haifa cikin 1802, wanda kuma Sarauniya Victoria ta so aikinsa ƙwarai, sai bambancin ya fito. Landseer ya iya zana gashi da ido, amma yakan ɗora wa kare halin mutum. Yana da hoton karen makiyayi da ya kwantar da kai a kan akwatin gawar ubangidansa, an shirya kome don mai kallo ya yi hawaye. Karen Stubbs kuwa kare ne kurum, ba ya wa'azi, ba ya roƙon tausayi.

Duk da haka aikinsa yana da aibi. In ya zana doki yana sukuwa, sai ya miƙe ƙafafun gaba gaba, na baya baya, kamar mai tsallake rijiya. Doki ba ya gudu haka. Sai cikin 1878 Eadweard Muybridge ya ɗauki hotunan doki a guje da na'ura, aka ga lokacin da ƙafafu huɗu suka bar ƙasa a tattare suke ƙarƙashin ciki. Wuƙa ta nuna wa Stubbs abin da ke cikin doki, amma gawa ba ta gudu. Shi ya sa hotunansa na goɗiyoyi da 'ya'yansu tsaye a inuwa suka fi na sukuwa kyau nesa ba kusa ba.

A zamaninsa manyan masu zane sun raina mai zanen dabba, suna ganinsa baran masu dawaki ne. Bayan rasuwarsa aka kusa mantawa da shi, sai a ƙarni na 20 aka komo kan aikinsa. Yau ana lissafa shi cikin manyan masu zane da Ingila ta taɓa yi.