Baƙin allon da matasanmu ke gudu

Tun ƙarshen 2023 da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT na horar da matasa fasahar zamani, koyon rubuta manhaja ya zama yayi a Birnin Kebbi da Argungu. Ɗaliban Kwalejin Waziri Umaru da na Jami'ar Tarayya da ke Kalgo, har da na Kwalejin Adamu Augie, kowa so yake a ce ya iya Python. Madalla da wannan. Inda nake da ja shi ne yadda ake koyon: a kalli bidiyo, a tambayi ChatGPT, a kwafo umarni a liƙa, in ya yi aiki shi ke nan an iya. Tamina kuwa, baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni kai tsaye, da yawa gudunta suke yi, wai ta manyan ƙwararru ce.

Alhali babu wanda ya fi mu buƙatarta. Wuta ba ta zama, sabis ya zo ya tafi, ga shi a farkon 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Mai sauke babban fayil ta burauza, in sabis ya yanke a tsakiya, sau da yawa sai ya koma farko. Wanda ya rubuta wget -c kuwa daga inda ya tsaya zai ci gaba. Haka git clone --depth 1: yana kawo maka aikin manhajar da kake so kamar yadda yake a yau, ba tare da tarihinsa na shekaru ba, wanda kai ba ka nema amma datarka za ta biya.

Wanda na fi so, kuma na fi mamakin rashin saninsa, shi ne python3 -m http.server. Mutum ɗaya ya sauke abin da ake buƙata, ya kunna hotspot, ya rubuta wannan layi a cikin foldar da kayan suke. Sauran abokan karatu su haɗu da shi, su buɗe adireshinsa a burauza da lambar 8000, kowa ya kwasa. Ko sisi ba a ƙara kashewa ba, ba kuma a yi ta yawo da filashi mai ɗauke da birus ba.

Akwai kuma masu ɗaukar Git da GitHub abu ɗaya. Git, wanda Linus Torvalds ya rubuta a 2005, a kan kwamfutarka yake zaune, ba ruwansa da intanet. Ka yi git commit duk sanda ka gama wani yanki, ka tura GitHub daga baya in sabis ya samu. Marar kwamfuta ma yana da Termux a wayar Android, ya sa Python da Git a ciki ya fara.

Kada a ce abin na masu manhaja ne kaɗai. A ce an ba yaro jerin sunayen manoman shinkafa na fadamar Argungu a fayil ɗin CSV. Umarnin wc -l zai ƙirga masa layukan, grep Gulma ya ware 'yan Gulma, sort da uniq -d su tona layin da aka maimaita. Aikin yini guda ya ƙare kafin shayi ya huce.

Ba na gaba da ChatGPT, ni ma ina tambayarsa. Amma tamina ba ta da kwandon shara: abin da rm -rf ya share ya tafi, in kuma an haɗa da sudo mai ba da cikakken iko, har tsarin kwamfutar yana iya tafiya. Duk umarnin da ba ka san aikinsa ba, ka duba man ko --help tukuna, su ma ba sa cin data.

Malaman da ke koyarwa a waɗannan makarantu, don Allah ku ware makon farko ga tamina kaɗai, kafin ɗalibi ya buɗe manhajar VS Code.