Kwatano Ta Sami Filin Hoto, Zongo Na Neman Filin Wasa

Ranar 30 ga Yuli, 2022, Shugaba Patrice Talon ya ƙaddamar da manyan ayyuka uku a Kwatano cikin yini ɗaya: mutum-mutumin jarumar Amazon mai tsawon mita 30 a bakin teku, da lambun Jardins de Mathieu da aka yi a wurin da gidan marigayi Janar Mathieu Kérékou yake a da, da kuma mutum-mutumin Bio Guéra a kan dokinsa, a shataletalen filin jirgin sama. Tun daga ranar, duk baƙon da ya zo mana daga Maraɗi ko Sakkwato ko Kano, kafin ma ya gama sayayyarsa sai ya ce a kai shi ya ga "matar nan mai bindiga". Ya tsaya a gindinta, a ɗauke shi hoto, ya tura wa mutanen gida.

Gaskiya ɗaya ce, aikin ya yi kyau, kuma wanda ya ƙi yabonsa son zuciya ya yi. Garin da aka daɗe ana yi wa kirari da ƙura da hayaƙin zemijan da ambaliya yau yana da wurin da iyali za su je su sha iska da yamma ba kunya. A watan Satumba na 2023, a wannan fili na Amazon aka yi gasar petank ta duniya, muka ga tutocin ƙasashe suna kaɗawa a garinmu. Na yi murna kamar kowa. Sai dai akwai tambayar da na ga an bar ta a baya, ita ce kuma dalilin wannan rubutu: yaron Zongo da ya taso daga makarantar allo bayan la'asar, a ina zai buga ƙwallo kafin a kira magariba? In kuma babu wurin, ƙofar wa za mu ƙwanƙwasa?

Filin kallo daban, filin wasa daban. Filin kallo ana yi masa wanka ne da kwalliya, a biya kuɗin zem, a je sau ɗaya a wata ko ranar sallah. Filin wasa kuwa da ƙafa ake zuwa, kullum, da silifas ko ba takalmi, kuma uwa tana iya aika ƙanin yaro ya kira shi ba tare da ya tsallaka babban titi ba. Bahaushe ya san wannan tun kafin a haifi kalmar meri. Kowane ƙauye da kowace unguwa suna da dandali, inda 'yan mata ke gaɗa da farin wata, samari na langa da kokawa, dattawa na gefe suna dara suna sa ido. Ba a rubuta dokar dandali a takarda ba, amma yana da mai shi. Akwai sarkin samari, akwai mai unguwa, kuma wanda ya ce zai kafa rumfa a tsakiyarsa ya san da wanda zai gamu. Abin da ya raya dandali ba faɗinsa ba ne, kulawar na kusa da shi ce.

To a dubi inda muke zaune. Zongo tana cikin gunduma ta 5 daga gundumomi 13 na Kwatano, a matse tsakanin tashar jiragen ruwa, da bankuna da ofisoshin Ganhi, da Jonquet, da Missèbo, ga Dantokpa can gaba. A nan kowane taku na ƙasa yana da farashi. Inda bai zama shago ba ya zama sito, inda bai zama sito ba an ajiye mota. Ƙidayar 2013 ta ce mutum 679,012 ke kwana a Kwatano, a kan murabba'in kilomita 79, ban da dubban da ke kwararowa da safe daga Abomey-Calavi da Porto-Novo, kuma mafi yawansu nan tsakiyar gari suke nufa. Filin da yaranmu suka gada shi ne lungun yashi, wanda mutanen Kwatano ke kira von. A aza duwatsu biyu nan, biyu can, raga ta samu. Da aikin shimfiɗa tituna ya zo, lungunan da aka gyara sun huta da taɓo da kwatami, kuma babu mai hankalin da zai yi kukan wannan. Amma titi mai santsi na masu babur ne, gudu suke yi a kansa. An ba babba hanya, an karɓe wa yaro fili, ba a kuwa ba shi madadi ba.

A takarda, mai alhakin wannan sananne ne. Dokokin raba mulki na watan Janairun 1999 sun kasa Benin gida 77, kowane da majalisarsa da magajin garinsa, suka kuma ɗora wa waɗannan ƙananan hukumomi samar da lambuna da wuraren shan iska da kula da su, tare da raya wasanni da harkokin matasa. Aka yi zaɓen farko a Disamban 2002, tsohon shugaban ƙasa Nicéphore Soglo ya zama magajin garin Kwatano a 2003, ya riƙe har 2015, ɗansa Léhady ya gaje shi. Hikimar dokar a fili take: wanda ya fi kusa da ciwo shi ya san inda ke yi masa zafi, kuma wanda ka zaɓa da hannunka kana iya tare shi a bakin masallaci ko a wurin suna ka tambaye shi.

Amma tun 2017 ikon meri yake ta zagwanyewa. Jihar Littoral ba ta da wani gari sai Kwatano, saboda haka gari ɗaya ne mai kai biyu: magajin gari da ke fitowa daga cikin kansilolin da jama'a suka zaɓa, da kantoma, wato perefe, da gwamnati ta naɗa. A Janairun 2017 kantoma Modeste Toboula ne ya jagoranci rusau na kwashe rumfuna da shaguna daga bakin tituna da filayen gwamnati. A cikin shekarar aka dakatar da Léhady Soglo, daga baya aka tuɓe shi. Kwasar shara ta koma hannun kamfanin gwamnati SGDS. Sababbin kasuwanni, har da tamu ta Ganhi, suka koma hannun hukumar ANaGeM. Sannan dokar Disamban 2021 ta kawo sakataren zartarwa a kowace meri, wanda ake zaro sunansa ta ƙuri'ar sa'a daga jerin ƙwararrun da gwamnatin tsakiya ta tantance, kuma shi ke sa hannu a fitar da kuɗi. Luc Atrokpo, wanda ya hau kujerar magajin gari a 2020, ya tarar da gidan da ake ta rage wa ɗakuna.

Masu goyon bayan wannan tsari suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Suna cewa an ba ƙananan hukumomi shekara 14 suna riƙe da wuƙa da nama, me suka yi? Wanda ya san yadda dandalin Bulgarie da dandalin Lénine na Akpakpa suka yi shekaru suna kama da marayu ba zai ce ƙarya suke yi ba. Mafi muni shi ne abin da ya sami filayen ajiya. Duk sanda aka yanka filaye a sabuwar unguwa, doka ta ce a ware wani kaso don makaranta, asibiti, kasuwa da filin wasa. Da yawa daga waɗannan filaye sun bi ta bayan gida sun zama gidajen mutane. Shari'ar hekta 39 ta Abomey-Calavi, wadda ta kai wani tsohon magajin gari gidan kaso a 2021, ta nuna girman ɓarnar. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Meri ce ta fara ba da ƙofa.

Inda na rabu da su shi ne maganin. Gwamnatin tsakiya ta iya babban aiki, kuma idonta a kan babban aiki yake: abin da za a gani daga jirgin sama, abin da zai jawo 'yan yawon buɗe ido. Ta gina filayen ƙwallo 22 a garuruwa daban-daban na ƙasa. Muna da babban filin Kouhounou da Sin ta gina a 1982, muna da René Pleven a hayin gada. Duk waɗannan na ƙungiyoyi ne da manyan wasanni. Babu ministan da zai zauna a ofishinsa yana tunanin fitilar da ta mutu a wani ɗan fili a Zongo Nima, kuma ba aikinsa ba ne. Aikin kansila ne da mai unguwa. To an karɓe wa na ƙasa ƙarfi, na sama kuma abin ya yi masa ƙanƙanta. Ƙaramin fili ya faɗa tsakani, ya zama jifan gafiyar Ɓaidu.

Na ga wannan da idona ta hanyar aikina. A shirin da nake gabatarwa na kiran waya, wata baiwar Allah ta bugo tana kuka, babur ya banke ɗanta yana tsaron gida a ƙwallon lungu, ƙafa ta karye. Ba ta zagi mai babur ba. Cewa ta yi, "Malam, ka tambayar mana manya, ina suke so yaranmu su je?" Na ɗauki rakoda na bi sawun tambayar. Ofishi na farko suka ce su shawara kawai suke bayarwa. Na biyu suka ce ba a sa abin a kasafin bana ba. Na uku suka ce duk filayen wannan yanki suna cikin wani babban tsari da ake shiryawa daga sama, in jira. Kowa ya karɓe ni da mutunci, har da ruwan sanyi, amma na koma gidan rediyo ba ni da sunan mutum ɗaya da zan faɗa wa matar nan cewa shi ne mai alhaki.

Kula da fili kuwa ba yanke kyalle ba ne ranar buɗewa. Aiki ne na kullum, marar daɗin hoto: wa zai share, wa zai canja ƙwan fitila, ina ban-ɗaki, ƙarfe nawa ake rufewa, wa zai hana mai gareji ya fara ajiye mota ɗaya yau, gobe ta zama goma. Sai kuma tambayar da ba a cika yi ba, ina rabon 'yan mata? Yaro namiji ko a kan kwalta zai yi wasansa. Yarinyar Zongo kuwa, in ba wuri ne mai haske da tsaro wanda iyaye suka amince da shi ba, daga makaranta sai talla sai tsakar gida. Gaɗar da iyayenmu mata suka yi a dandali ta koma cikin waya.

Mu ma mutanen Zongo da namu. A farkon 2017, da aka hana yin sallar Juma'a a kan titi, cikin 'yan kwanaki malamai da shugabanni suka haɗa kai, magana ta kai har gaban shugaban ƙasa. Wannan ya nuna muna da murya in mun ga dama. Amma yaushe muka taɓa tashi da rabin wannan himma saboda wurin wasan yara? Alhazanmu, Allah Ya saka musu, suna gina masallatai da islamiyyu, suna haƙa rijiyoyi. Sai dai har yanzu muna ɗaukar wasa a matsayin shiririta. Mu kore su daga ƙofar shago, mu kore su daga harabar masallaci, sannan in muka gan su a bayan sito suna abin da bai kamata ba mu ce yaran zamani sun lalace. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ai sai an ba shi wurin da zai tsiro.

Abin da nake nema bai kai kuɗin ƙafa ɗaya ta mutum-mutumin Amazon ba. A liƙa jerin filayen ajiya na kowace gunduma a bangon ofishinta, kowa ya san abin da ya saura da inda yake. A buɗe harabar makarantun gwamnati da yamma da ranakun hutu, da mai gadi da ake biya. A zaɓi lungu ɗaya ko biyu a kowace unguwa a rufe wa ababen hawa ranar Lahadi. Kigali tana rufe manyan tituna don motsa jiki tun 2016, ba ta kuwa rushe ba. Kowane fili a ba shi kwamitin unguwa, da mata a ciki, da ɗan kasafinsa a rubuce, da sunan jami'i ɗaya wanda za a kira in abu ya lalace. Kuma tun da an yanke shawarar tayar da Dantokpa, ana kuma sake fasalin Ganhi, yanzu ne lokacin da za a ce a ware wa yaran gunduma ta 5 rabonsu, tun ba a zana taswirar an gama ba. Mutanen Xwlacodji da aka tasa a 2021 sun san yadda abin yake in taswira ta riga ka.

Zaman majalisar gari a buɗe yake ga jama'a, haka doka ta ce. Kansilolinmu ba baƙi ba ne, mun san gidajensu, tare muke jana'iza da ɗaurin aure. Ko an rage musu iko, ba a ɗinke musu baki ba, kuma wanda aka yi ta tambaya dole wata rana ya nemo amsa. In an zo neman ƙuri'a, kafin a karɓi atamfa da buhun shinkafa, a tambayi ɗan takara fili nawa ya sani a unguwar nan da kuma wanda ke riƙe da makullinsa. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba shugabanninmu ikon duba na ƙasa da su.