Haƙoran Minion a kan duwatsun Shere

Mai facin unguwarmu ya yi fushi da ni. Rannan na zo wucewa ta gaban rumfarsa, ya ɗago kai daga kan bahon da yake tsoma tif a ciki, ya ce, "Yallaɓai, ko mun yi laifi ne? Wata nawa rabonmu da kai?" Na ce masa ba laifin kowa ba ne, laifin taya ne. Ya taso yana goge hannu a jikin wando, ya danna tayar bayan kekena da babban yatsa, ya shafa haƙoranta, ya tsaya yana haɗa baƙaƙen rubutun nan mai ruwan ɗorawa da ke gefenta. Can ya girgiza kai ya ce, "Wannan ai ta kashe mana kasuwa."

Wallahi ban taɓa jin yabon da ya ratsa ni kamar wannan ba, kuma ba ni aka yaba ba. Tayar aka yaba. Maxxis Minion ke nan, DHF a gaba, DHR II a baya. Tun yanzu gara in faɗi gaskiya: wanda yake neman alƙalin da zai ɗora tayoyin duniya a sikeli ya yi adalci, ya nemi wani. Ni masoyi ne, kuma masoyi zan yi magana.

Inda nake hawa shi ya sa maganar take da nauyi. Gabas da Jos akwai duwatsun Shere, waɗanda ƙololuwarsu ta haura mita 1,800. Hanyoyin da muke bi a can ba wanda ya yi su don keke. Sawun masu noma ne, da burtalin shanu, da ragowar hanyoyin masu haƙar kuza na da. Falalen dutse mai kaushi kamar magagari, tsakuwa mai murginawa a ƙarƙashin ƙafa, kwazazzaɓon da ruwan damina ya yanka, ga bakin dutse mai kaifi da ke laɓe cikin ciyawa yana jiran mai tsautsayi. In ka sauko ƙasa kuma tsidau na nan a shimfiɗe. Duk wanda ya taɓa taka tsidau ba takalmi ya san abin da yake yi wa tif.

Shekarata ta farko a wannan harka, rabin hawa rabin turi na yi ta. Akwai wata taya da na saya don na ga haƙoranta manya-manya kamar na tarakta, ga araha. Ba zan kama sunanta ba, Allah ya ba kowa sa'ar kasuwarsa. Fita ta uku, a wata gangara, wani dutse ya shafi gefenta, na ji "fush", na duba sai ga tsaga har yatsana biyu na shiga. Haƙoran ko gezau ba su yi ba, sababbi fil, amma taya ta mutu. Na turo keke tun la'asar sakaliya har aka kira magariba, yara na bina suna tambaya ko mai ne ya ƙare.

A wannan turin na gane abin da nake ta yi wa mutane wa'azi a kai har yau: ƙarkon taya a gangar jikinta yake. Haƙora ido suke ja a shago, amma abin da dutse ke nema shi ne kwiɓi, wato gefen nan mai laushi tsakanin haƙora da rim. Ita taya saƙa ce ta zaren nailan aka lulluɓe da roba, kuma in ka ga an rubuta TPI 60 ko 120, yawan zaren da ke cikin kowane inci ake nufi. Mai 120 zarenta siriri ne, tana lanƙwasa da kyau, ba nauyi. Mai 60 zarenta kauri gare shi, ta fi jure gurza. Abin da ya sa nake son Maxxis ke nan tun kafin a zo maganar haƙora, domin taya ɗaya suke yi maka da jiki iri-iri, ka zaɓi daidai da wahalar hanyarka. Akwai EXO, mai ɗan ƙyalle mai tauri da aka ƙara a kwiɓi don hana yanka. Akwai EXO+, wadda ta ɗara ta ƙarfi. Sai sarauniyar, DoubleDown: saƙa mai 120 har ninki biyu, da ƙarin roba mai kauri a gindin kwiɓi inda rim ke cizon taya. Sama da ita sai ta masu tseren gangaro dutse, wadda ni dai ban ga dalilin jan nauyinta zuwa sama da ƙafafuna ba.

Na sa DoubleDown a baya, domin a baya nauyin mutum yake, can ne duka ke sauka. Gaba na bar EXO+. Ranar farko da na koma gangarar da ta kashe waccan tayar, da gayya na bi ta kan dutsen. Na ji ƙarar gurzar har cikin haƙorana. Na tsaya, na durƙusa, na duba. Farin zane kawai, kamar an ja alli a jikin allo. Na tofa yawu na goge, ya tafi. Ni kaɗai a daji ina dariya kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka!

To, sai haƙoran, kuma a nan ne bakina ba ya gajiya. Ka juya DHF ka dube ta da kyau. Haƙoran tsakiya an sassaƙe goshinsu ta gaba don kada su riƙe gudu, an kuma tsaga su a tsaye don su buɗe su kama ƙasa. Na gefe kuwa manya ne, a jere kamar dogaran sarki, ɗaya mai lanƙwasa ɗaya miƙaƙƙe, bi da bi. Tsakanin layin tsakiya da na gefe akwai wani fili da aka bari babu komai. Wannan filin shi ne sirrinta, shi ne kuma abin da ke tsorata baƙo. In ka shigo kwana kana ɗari-ɗari, ka ɗan karkata kaɗan, za ka ji kamar keke na neman sulalewa na ƙiftawar ido. Ba ta son mai shakka. Kwantar da keken sosai, ka danna fedar waje da ƙafa, sai ka ji haƙoran gefe sun nutse sun cafke ƙasa, kamar an ɗaure ka da igiya a tsakiyar kwanar ana juya ka. Farkon ranar da na ji haka a kan jar tsakuwa, sai da na koma sama na sake gangarowa sau huɗu, ba don komai ba sai don in sake ji. Abokin hawana ya gaji ya zauna a inuwa yana cin gyaɗa, yana cewa, "Malam, in ka gama ɗawafin ka tashe ni."

DHR II ta baya ɗabi'arta daban. Haƙoranta na tsakiya a kwance suke, faffaɗa kamar bakin fartanya, don haka in ka matse birki sai su kafe su tono ƙasa. A gangara mai tsakuwa, inda a da tayar baya ke jan jiki tana wutsil-wutsil, yanzu sai keke ya rage gudu a natse, kamar dokin da ya san linzami.

Abin mamakin shi ne wannan zane ba sabo ba ne. A 2001 DHF ta fito, kuma wani ɗan tseren gangaro dutse na Amurka, Colin Bailey, shi ya zana haƙoranta. Ka duba abin da ya sauya a keken dutse tun daga lokacin. Ƙafa ta tashi daga inci 26 ta koma 27.5 da 29. Birkin faifai ya kori na roba. Sirdi ya koma mai sauka da danna maɓalli. Kekunan wancan zamani yau sai dai a rataye a bango don tarihi. Amma haƙoran Minion suna nan kusan yadda aka haife su, har kamfanin ya yi mata bugu na musamman a 2021 da ta cika shekara 20, kuma in ka bi tayoyin wasu kamfanoni da kallo za ka ga jininta a fuskokinsu. Da tsohuwar zuma ake magani. Shi kansa Maxxis reshe ne na Cheng Shin, kamfanin roba na Taiwan da aka kafa a 1967, wanda da tayar keke ya fara. In ka taɓa ganin CST a jikin wata taya, gida ɗaya suka fito.

Robar ma zaɓi ce. In ka ga 3C, roba uku aka haɗa: mai tauri a ƙasa ta riƙe haƙori kada ya lanƙwashe, masu laushi biyu a sama su kama ƙasa. MaxxGrip ta fi kowace danƙo, a kan jiƙaƙƙen falalen dutse sai ka rantse ƙadangare ne, amma abu mai laushi dole ya fi saurin cinyewa, kuma a kan kwalta sai ka ji kamar kana tuƙi cikin kunu. Ni MaxxTerra nake sawa gaba da baya, ita ce tsaka-tsaki, tana kamu kuma tana kai mutum wata da watanni. Mai kuɗi ya sa MaxxGrip a gaba cikin damina, ba zan hana shi ba, sai dai in yi masa hassada.

Maganar tsidau kuwa, tubles ta gama da ita. Ba tif ko kaɗan. Ana liƙe cikin rim da tef, a sa bawul na musamman, a zuba ruwan faci mai kama da madara, kamar mililita 100 a tayar inci 29. In ƙaya ta huda, iska ta turo ruwan cikin ramin, ya daskare ya toshe, kai ko sani ba ka yi ba. Wata rana da na cire tayar don in ƙara ruwa, na shafa cikinta na ƙirga kawunan ƙaya goma sha ɗaya a tsaye, kowace da ɗan ƙullutun roba a gindinta. Goma sha ɗaya! A zamanin tif, wannan zama goma sha ɗaya ne a bakin hanya ana neman inda iska ke fita. Sai dai zafinmu na shanye ruwan da wuri. A bazara kada ka wuce wata biyu ba ka girgiza ƙafar ka saurara ba. In ba ka ji motsin ruwa ba, ya bushe. Ka kuma riƙa tafiya da zaren robar nan mai danƙo, irin wanda masu faci ke cusa wa tayar mota amma siriri, saboda ramin da ya fi ƙarfin ruwa.

Rashin tif da kaurin jiki su suka ba ni damar rage iska, kuma a nan mutanenmu ke kuskure. Mun saba da keken kasuwa, a bunƙa masa iska har ya yi tauri kamar dutse. A kan tsakuwa irin wannan tayar tsalle take yi, ba ta kama komai. Da tif kuma in ka rage, dutse ya matse shi da rim ya bar ramuka biyu a jere, abin da mahaya ke kira saran maciji. Yanzu ina sa 23 a geji a gaba, 26 a baya, nauyina kuma ya ɗan haura kilo 70. Wanda ya fi ni jiki ya ƙara kaɗan. Faɗin da na zaɓa 2.5 a gaba, 2.4 a baya, masu alamar WT, waɗanda aka yi don rim mai faɗin milimita 30 zuwa 35 ta ciki. Ka auna naka kafin ka saya.

Za a ce nauyi. E, akwai shi. DoubleDown ta haura kilo ɗaya da ɗoriya mai kyau, kuma a hawan tudu cinya tana ba da shaida. Za a ce tsada. Ita ma gaskiya ce, domin lokacin da na saya, a shagunan Amurka ɗaya ta kai dala 80 zuwa 100, kafin ta iso hannunka kuwa ka san yadda canji yake. Uwargida ta ga rasit ta tambaye ni ko tayar da injin take zuwa. Amma araha ba ta ado, kuma ni na riga na lissafa kuɗin tayoyi uku da na binne a shekara ɗaya, ban da tif, ban da faci, ban da mutuncin da ya zube a gaban yara.

Na san akwai wasu gwanaye. Jamusawa na da Magic Mary ta Schwalbe da Kryptotal ta Continental, kuma masu hawansu ba sa wasa da su. A cikin gidan Maxxis ma akwai Assegai, wadda ta fito a 2018, aka yi ta tare da Greg Minnaar, mutumin Pietermaritzburg a Afirka ta Kudu, wanda ya ci kambun duniya na gangaro dutse sau huɗu, na ƙarshe a 2021 yana da shekara 39. Sunan mashin Zulu aka sa mata. Ita ta cike wancan filin da DHF ta bari, don haka kamunta ba ya yankewa ko ya ka karkata. Na ari keken wani na gwada ta, kuma ba ƙarya, tana da kyau ƙwarai. Amma sai na ji kewar wannan ɗan shirun na ƙiftawar ido kafin cafka, kamar mai son yaji da aka ba shi miya mai daɗi ba barkono. Na mayar masa da kekensa na yi godiya.

Tayar bayana yanzu ta ga damina ɗaya da rani ɗaya. Bakin haƙoran tsakiya ya fara zagayewa, na gefe sun fara 'yar tsaga a gindi, alamar kwananta ya kusa. Kwiɓinta kuwa duk zane ne, fari a kan fari, ko ɗaya bai ratsa ba. Sabuwar na nan a ƙarƙashin gado cikin kwalinta, nakan jawo ta in shinshina ƙamshin robar in mayar. Mai faci ya riga ya yi kamun tsohuwar. Ya ce in na cire in kawo masa, zai yanka takalmi da ita, wai yana so ya ga ƙarshen tsidau shi ma.